Wannan hanyar ta girmi zuwan Turawa

Marubucin wani labari kan hanyar Sakkwato zuwa Wurno ya ce tarihinta ya faro ne daga zamanin Turawa. Ina, ban yarda ba. Kwalta ce ta zo daga baya, amma turbar ta riga Bature nesa ba kusa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya mayar da Wurno ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, can ya rasu a 1837, kuma can hubbarensa yake har gobe. Ɗansa Aliyu Babba ma, da ya zama Sarkin Musulmi, a Wurno ya fi zama, shi ya sa matafiyin nan Bajamushe, Barth, ya sauka garin a 1853. To manzanni da dawakai da ayarin fatake da ke kai da komo tsakanin fada da Sakkwato, ta sama suke bi? Turawa fa sai 1903 suka ci Sakkwato. Sannan labarin bai ce uffan ba kan abin da ke raya hanyar yau, wato noman rani a fadamar Rima. Wanda ya tsaya Achida, da ke kan hanyar, lokacin cirar albasa zai ga akori-kura an labta mata buhuna har ta karkace, yaron mota a can ƙoli ya naɗe fuska da rawani saboda ƙura. Kai kuma malam da ka yi sharhi kan labarin cewa ƴar guntuwar hanya ba ta cancanci labari ba, albasa da tafarnuwar da ake sa maka a miya, ta ina kake zaton suke fitowa?