Mai Ciwon Zuciya da Tsoron Motsa Jiki

Da zarar an sallamo mutum daga asibiti bayan bugun zuciya, abin da ya fi ji daga bakin iyalinsa shi ne: "Malam, ka koma ka kwanta." Ko buta ya miƙa hannu zai ɗauka, sai wani ya riga shi. Ƙauna ce ta jawo haka, amma a ganina irin wannan jinya tana cutarwa, domin tana koya wa marar lafiya tsoron jikinsa a lokacin da ciwon damuwa yake neman ƙofar shiga.

Kusan mutum 1 cikin 5 na waɗanda suka tsira daga bugun zuciya suna faɗawa cikin matsananciyar damuwa. Binciken da Dokta Mary Whooley ta jagoranta a San Francisco kan masu ciwon zuciya 1,017, wanda aka wallafa a 2008, ya nuna cewa masu damuwa sun fi fuskantar sake tashin ciwon zuciyar, kuma rashin motsa jiki ne ya fi bayyana dalili. Wanda damuwa ta karya wa gwiwa, in ya taka kaɗan ya ji numfashinsa ya ƙaru, sai ya ɗauka ajali ne, ya zauna. Zaman ya ƙara raunana jikin, gobe ya fi saurin haki, tsoron kuma ya samu hujja.

Gwajin da ya fi taɓa ni shi ne wanda aka wallafa a 1985 daga Jami'ar Stanford, tare da masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura. An ɗora magidanta masu murmurewa kan na'urar gwajin tafiya. Matansu da suka tsaya kallo ba su sauya ra'ayi kan ƙarfin zuciyar mazajen ba, amma waɗanda suka hau na'urar da kansu, suka ji nauyin abin da mazajensu suka iya, sun koma gida da amincewa cewa zuciyar tana da sauran ƙarfi.

Saboda haka nake roƙon masu jinya su tambayi likita iyakar tafiyar da ta dace, sannan su raka marar lafiya, ko da zuwa masallacin unguwa ne, ana ƙarawa sannu a hankali. In ƙirji ya ɗaure ko jiri ya taso, a tsaya, a nemi likita nan take. In kuma ya yi mako biyu ba barci, ba cin abinci, ba hira, kada a tsaya ga "ka yi haƙuri". A gaya wa likitansa, domin damuwar ma tana da magani.