Tikitin arha, jaka da tsada: wannan tatsar ta ishe mu

Har yau idan na tuna ƙarar da robar man fuskata ta yi lokacin da ta faɗa kwandon shara, sai raina ya sake ɓaci. Da asubar fari ne, ina kan layin bincike a filin jirgi, barci bai gama sakina ba. Jami'ar ta zaro robar daga jakar hannuna, ta juya gindinta ta karanta: mililita 150. Na ce mata, "Baiwar Allah, ɗaga ta ki haska, abin da ya rage a ciki bai kai cokali uku ba." Ta ce ita ba ruwanta da abin da ke ciki, girman robar doka ta sani. Ta ƙara da cewa in ina son abina, in koma wajen awo in ba da jakar a saka ta cikin kayan ƙasan jirgi. To, kuɗin da kamfanin zai caje ni a kan hakan ya ninka kuɗin man. Ina ji ina gani ta sake shi cikin kwandon, a kan tarin kwalaben turare da man goge baki na waɗanda suka riga ni.

Fatata ba kowane mai take karɓa ba. Na fi shekara ina gwaje-gwaje kafin in dace da wannan, kuma kwana huɗun da na yi a waccan tafiyar da fuska a bushe, tana saɓa, na yi su. Wanda bai taɓa fama da fata mai tsirfa ba zai ce ai mai ne kawai. Ba mai ne kawai ba.

Ban riƙe jami'ar a zuci ba, aikinta take yi. Dokar ma na san asalinta. A watan Agustan 2006 ne 'yan sandan Birtaniya suka bankaɗo shirin wasu na tarwatsa jiragen da ke tashi zuwa Amurka da Kanada, da sinadarai masu ruwa da aka shirya ɓoyewa cikin kwalaben lemo. Daga nan aka taƙaita duk wani abu mai ruwa da fasinja zai shiga da shi cikin jirgi: kowace kwalba kada ta wuce mililita 100, kuma duka su shige cikin leda guda mai haske, mai zif, wadda ba ta wuce lita ɗaya ba. Rai ya fi mai, babu mai hankalin da zai yi musun wannan. Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda kamfanonin jirage suka zo suka kafa teburin ciniki a kan wannan doka.

Ku duba yadda abin ya faru. Kafin nan, in ka sayi tikiti, akwatinka na ciki. Ka zuba manyan kwalabenka, ka rufe, ka miƙa a wajen awo, ka wuce da 'yar jakarka. A 2008, da farashin ɗanyen mai ya haura dala 140 kowace ganga, manyan kamfanonin jiragen Amurka suka fara karɓar kuɗi a kan akwati na farko, suka ce tsadar mai ce ta tilasta musu. Kafin shekarar ta ƙare farashin man ya rikito ƙasa. Kuɗin akwati fa? Yana nan daram, sai ma hauhawa da yake yi, har ta kai a 2023 kaɗai kamfanonin jiragen Amurka sun tara sama da dala biliyan 7 daga kuɗin kaya. Akwai ma wata dabara a ciki da yawancin fasinjoji ba su sani ba: a Amurka ana cire harajin kashi 7.5 cikin 100 daga kuɗin tikitin cikin gida, amma kuɗin akwati ba ya cikin wannan haraji. Wato duk abin da suka yanko daga tikiti suka sa masa suna "kuɗin kaya", ribarsu ta ƙaru. Kamfanoni da dama a sauran duniya ma haka suke karɓar kuɗin kaya.

Yanzu sai ga fasinja, musamman mace, gaba kura baya sayaki. In kin ba da akwati, ki biya. In kin ce za ki tsira da jakar hannu, dokar mililita 100 na jiran ki a wajen bincike. Kuma "abu mai ruwa" a wurinsu ba ruwa kaɗai ba ne. Man shafawa, man gashi, man goge baki, man kariya daga rana, sabulun ruwa, turare, jan farce, hodar ruwa, man leɓe mai sheƙi, abin baƙanta gashin ido, duk abin da za a iya zubawa, ko a shafa, ko a fesa, ko a matso, ruwa ne. Dukansu kuma cikin leda ɗaya mai faɗin kamar santimita 20 a tsaye, 20 a kwance. Don Allah wanda ya ga tafin hannunsa biyu a haɗe, ya gaya min ta yaya kayan gyaran jikin mace na mako guda za su shiga nan? Kuma dole zif ɗin ya rufe. Na taɓa ganin wata matashiya tana tsaye tana zaɓe tsakanin turarenta da man gashinta, layi na bayanta yana tsaki, domin ledar ta ƙi rufuwa da ɗan abin da bai kai yatsa ba.

Daga nan sai wasu masu cin kasuwar suka shigo: masu sayar da 'yan ƙananan kwalabe na matafiya. Ki ɗauki ƙaramar, ki ɗauki babbar, ki raba kuɗin kowace da yawan abin da ke cikinta. Ni na yi wannan lissafin a tsaye a gaban kanta, da wayata, kuma abin da na gani ya sa na mayar da su. Ana sayar mana da roba da murfi ne, man kyauta ce kawai ake ɗan ɗiga mana a ciki. Bayan haka, ba kowane mai ake yin ƙaraminsa ba. Masu gashi mai kauri da ke shan mai da yawa, da masu fatar da sai an nemo mata nata na musamman, babu wanda ya tuna da mu. 'Yar robar da ake cewa ta isa mako, gashina a wanki ɗaya yake shanye ta.

Sai na koma ɗura nawa da kaina. Na sayi robobin da babu komai a ciki, na zauna da ɗan mazurari daren tafiya ina ɗurawa, ina manna takarda ina rubuta sunan kowanne don kada in shafa sabulu a matsayin mai. A tafiyar farko na buɗe jaka a masauki na tarar man gashi ya malale cikin ledar, ya bi zif ya fito, ya ɓata min farar riga ɗaya tilo da na tanada don taron da ya kai ni. Daga baya na gane dalili. Idan jirgi ya yi sama, matsin iskar da ke cikinsa yana raguwa, ya koma kamar na kan dutse mai tsayin mita 2,000 ko kusa da haka. Iskar da ta rage a cikin roba sai ta kumbura ta turo man waje ta kowace kafa. Maganinsa, ki matse robar iskar ta fita kafin ki rufe, ki shimfiɗa 'yar leda a bakinta sannan ki murɗa murfin a kai. Yana aiki. Amma ina tambaya: kuɗina na biya don a kai ni wani gari, me ya sa sai na zama masaniyar matsin iska kafin in isa da rigata da tsabta?

Sauran dabarun ma duk na koye su, ba don ina so ba. Sabulun gashi na dunƙule maimakon na ruwa. Turare mai daskarewa, da abin hana warin hammata na sanda. Hodar gari, jan baki na sanda da jagira, waɗannan galibi ba a lissafa su cikin ruwa. Magani da madarar jarirai an yarda su wuce mililita 100, amma ki fito da su ki nuna tun kafin a tambaye ki. In kin sayi turare a shagunan da ke bayan wajen bincike kuma za ki canza jirgi a wata ƙasa, kada ki kuskura ki yage ledar da suka liƙe miki da rasit a ciki, in ba haka ba a bincike na biyu za a karɓe shi.

To, a ce kin tsallake duk wannan. Tsugune ba ta ƙare ba, domin ƙarfen awon jaka yana jiran ki a ƙofar shiga jirgi.

Wannan ƙarfen shi ne abin da na fi tsana a duk filin jirgi. Babu ma'auni ɗaya da kamfanoni suka yarda da shi. Wannan ya ce santimita 55 da 40 da 20, wancan ya ce 56 da 45 da 25. Wannan ya ce kilo 7, wancan 8, wani 10. Wasu masu arhar tikitin ma 'yar jakar da za ta shige ƙarƙashin kujerar gabanki kaɗai suka bari kyauta, wadda za ki ɗora a ma'ajiyar sama sai kin biya. Jakar da ta wuce lafiya a tafiya, ita ce za a tare a dawowa don kamfanin ya bambanta. Tayoyi da mariƙi duk suna cikin awo, abin da mai sayar da jakar ba zai gaya miki ba. Kuma kuɗin hawa-hawa ne: in kin biya lokacin sayen tikiti a intanet, da sauƙi, a wajen awo ya ƙaru, a ƙofar jirgi kuwa, inda ba ki da zaɓi, nan ne suke yanka. Nauyin jakar bai canza ba tsakanin gidanki da ƙofar. Man da jirgin zai sha bai canza ba. Abin da ya canza kawai shi ne sun san ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

A wannan ƙofar na ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Wata dattijuwa ce, da gani ɗanta ko jikanta ne ya saya mata tikitin. Aka ce ta saka jakarta cikin ƙarfen. Ta shiga, taya ɗaya ya tsaya a waje. Ma'aikacin ya faɗi kuɗin, ya ce kuma da kati kaɗai ake biya. Ba ta da kati. Ta durƙusa a ƙasa a gaban jama'a ta buɗe jakar, tana fito da kayanta na ciki tana neman abin da za ta rage, hannunta na rawa, alhali matsalar taya ce, ba kaya ba, babu wanda ya tsaya ya fahimtar da ita. Na matsa na ce, "Mama, tashi, rufe jakarki." Ni da wani bawan Allah muka haɗa muka biya. Da muka shiga jirgin, ma'ajiyar da ke saman kujerarta babu komai a ciki. Wayam. Sa'ar uwata aka durƙusar a ƙasa saboda santimita biyu, ga wuri kuma yana nan a buɗe.

Kada wani ya ce min ai an rubuta sharuɗɗan. An rubuta su, a ina? Can ƙasan shafi na huɗu, da ƙananan baƙaƙe, bayan an gama nuna maka farashi mai daɗi da manyan lambobi. Ka danna, a ce jaka. Ka danna, a ce zaɓen kujera, in kana son zama kusa da ɗanka. Wasu har takardar shiga jirgi in ba ka yi rajista ta waya ba, sai ka biya kafin su buga maka. Ka zo ƙarshe ka ga kuɗin ya kamo na kamfanin da ka guje wa saboda tsada. An gudu ba a tsira ba. Kuma wa abin yake faɗa wa? Mai tafiya kullum ya haddace tarkon, mai kuɗi ya sayi babbar kujera da kayanta. Tsoho, da mai tafiyar farko, da wanda bai iya harshen shafin ba, da uwa mai goyo, su ne ake tatsa.

Hukumomi sun san da wannan. Tun 2014 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa jakar hannu mai matsakaicin girma da nauyi wani ɓangare ne na tafiyar fasinja da ba makawa, bai kamata a ɗora mata ƙarin kuɗi ba. A watan Nuwamban 2024 gwamnatin Sifaniya ta ci tarar kamfanoni biyar masu arhar tikiti yuro miliyan 179 a kan irin waɗannan caje-caje, ciki har da na jakar hannu. Kamfanonin suka garzaya kotu, mu kuma muna nan muna biya. Ita ma dokar ruwan, an kawo sababbin na'urorin bincike da ke iya gane abin da ke cikin kwalba, wasu filayen jirgi suka sassauta, sai ga shi a ranar 1 ga Satumban 2024 Tarayyar Turai ta maido da iyakar mililita 100 na wani lokaci a filayen da ke da na'urorin. Yau wani filin zai bar ki da babbar kwalba, gobe a hanyar dawowa wani ya ƙwace ta. Saboda haka ni dai a mililita 100 nake tsayawa ko ina zan bi.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowa ba. A tsayar da ma'auni ɗaya na jakar hannu ga kowane kamfani. A rubuta cikakken kuɗi, har da jaka, a shafin farko inda ido zai gani. A daina ninka kuɗi a ƙofar jirgi. Ledar ruwan kuma, tunda ana da na'urar da ke gani, a daidaita dokar a ko'ina mutum ya san abin da zai tarar.

Mako mai zuwa ina da wata tafiyar, da wani kamfani daban. Jiya da dare na sa tef na auna jakata sau uku, har da tayoyin. Ta wuce ma'auninsu da santimita biyu. Jakar lafiyarta ƙalau, shekara biyu kacal da sayenta, amma yanzu ko in sayi wata, ko in biya su kuɗin da ya kusa na tikitin, zuwa da dawowa.