Nasiha: A Yaɓe Masallacin Ƙasa Kafin Ruwa Ya Sauka

Assalamu alaikum ƴan uwa Musulmi na Tawa da sauran ƙasar Adar.

A Suratut Tauba, aya ta 18, Allah Ya ce masu raya masallatanSa su ne waɗanda suka yi imani da Shi da Ranar Lahira. Rayawa ta haɗa da cika sahu, ta haɗa da ɗaukar kwarya a kai wa magini laka.

Ku dubi masallacin Juma'a na garin Yama, a jihar Tawa. Magini Falke Barmu ya ɗora shi da ƙasa a 1962, a 1986 ya karɓi kyautar Aga Khan ta gine-gine. Yaɓe ne ke riƙe da irin wannan gini, kuma yaɓen aikin gayya ne.

Kuskuren da ya yi yawa yanzu shi ne lulluɓe bangon ƙasa da siminti da sunan gyara. Simintin da ake yi a garin Malbaza ba shi da laifi, wurinsa ne ba nan ba. Bangon ƙasa yana shan danshi, rana ta busar da shi. Siminti kuwa da ya tsage, ruwa ya shiga ta bayansa ba mafita, gara ta samu gida, wata rana a wayi gari ya ɓanɓare da rabin bangon.

A kwaɓa jar ƙasa da ƙaiƙayi da kashin shanu, a bar ta ta ruɓa mako ɗaya zuwa biyu ana juyawa. A kankare tsohon yaɓen da ya saki, a yayyafa ruwa, sannan a shafa kaurin yatsa biyu. Wanda ya fi haka kauri tsagewa yake yi. Gara a yi shafi biyu, na farko ya sha iska tukuna. Mai makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, ya zuba ruwanta a shafin ƙarshe.

Indararo ma a share shi, ya fito kamu ɗaya daga bango. A cike gindin katanga ya gangara waje, don daga ƙasa gini ke fara ciwo.

Idan shamuwa ta yi sheƙa a itacen harabar, a hana yara jifa. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ga tsuntsuwa tana shawagi an ɗauke mata ƴaƴa, ya ce a mayar mata da su.

Ya kamata liman ya yi shela tun watan Afrilu, masu amalanke su kawo ƙasa, matasa su taka laka. Allah Ya ba da lada.