Cosy ko cozy: wanne ne daidai?

Wasu na ɗauka cewa duk wanda ya rubuta cozy da harafin z ya yi kuskure. Ba haka ba ne. Kalma ɗaya ce ta Turanci mai rubutu biyu: cosy a Ingila, cozy a Amurka, kuma furucinsu ɗaya, da sautin z. Makarantun Najeriya da Gana sun gaji rubutun Ingila, shi ya sa cosy ya fi zama a idon malamanmu. Ka zaɓi ɗaya kawai, kada ka cakuɗa su a rubutu guda.

Inda aka fi zamewa ma a ma'ana ne. Ba kowane wurin jin daɗi ake kira cosy ba. Kalmar ta shigo Turanci daga yaren Sukotlan, ƙasar sanyi, a ƙarni na 18, don haka ɗumi ne ginshiƙinta: ɗan ƙaramin ɗaki rufe ruf, ga bargo, hunturu na kaɗawa a waje. Katafaren falo mai na'urar sanyaya ɗaki, komai tsadarsa, bai cancanci sunan ba. Hular da Turawa ke kifa wa butar shayi don kada ya huce ma tea cosy suke ce mata.

A jarida kuwa, idan aka ce dangantakar minista da ɗan kwangila cosy ce, zargi ne: sun shaƙu fiye da kima.