Zuriyar Orbeliyan: ba don ibada kaɗai suka gina cocinan ba

Duk wanda ya taɓa ganin hoton Noravank a ƙasar Armeniya zai tsaya ya sake kallo, cocina ne na dutse a tsakiyar wani kwazazzabo mai jajayen duwatsu, kuma galibin masu yaɗa hotunan abun da suke rubutawa shi ne kai ka ga mutanen da, ka ga tsoron Allah. To ni dai ban ƙi ba, wataƙila akwai tsoron Allah, zuciyar mutum ba wanda ya sani sai Mahaliccinsa. Amma ra'ayina shi ne gidan Orbeliyan da suka yi ginin nan 'yan siyasa ne na ƙarshe, kuma cocin ita ce rumbun da suka adana dukiyarsu da sunansu a ciki.

Ku duba asalinsu. A Jojiya suke da ƙarfi, sai a 1177 suka yi wa sarki Giorgi na uku tawaye, bai yi musu daɗi ba, aka karkashe su aka ƙwace filayensu, wanda ya tsira ya gudu. Daga baya ne aka ba Liparit Orbeliyan ƙasa a yankin Vayots Dzor cikin lardin Syunik na Armeniya. Mutumin da gidansu ya taɓa wayar gari ba komai ai ya san dukiyar da take hannun sarki ba taka ba ce. Shi Liparit ɗin nan shi ya sa aka soma ginin cocin Surb Karapet a Noravank a 1216, kuma tun daga nan wurin ya zama maƙabartar gidansu, har ya zama mazaunin bishof na Syunik.

Sai Mongol suka shigo a 1236. Su Orbeliyan ba su tsaya jayayya da wanda ya fi ƙarfinsu ba, suka yi mubaya'a. Smbat Orbeliyan ma ya niƙi gari tun daga Armeniya har Karakorum, babban birnin Mongol, a 1251 wajen babban sarkinsu Mongke Khan, tafiyar da ko a taswira ka duba sai ka gaji, ya dawo da takardar da ta sa ƙasarsa kai tsaye ƙarƙashin babban sarkin, aka kuma ɗauke wa coci da malamanta haraji. To nan ne fa lissafin yake. In gonar inabi ko ƙauye yana hannunka mai karɓar haraji zai iya tatse shi, in kuwa ka ba coci kyauta ya fita daga hannunsa, kuma cocin ta gidanku ce, kabarin babanka na ciki, kai har bishof ɗin ma ɗan gida ne, domin Stepanos Orbeliyan ɗan Tarsayich shi ya riƙe kujerar Syunik a ƙarshen ƙarni na 13, shi ne kuma ya rubuta tarihin lardin wanda yawancin abun da aka sani game da gidan daga nan ya fito. Wato su ne masu ƙasa, su ne masu coci, su ne masu ba da labari. Shi ya sa bangon cocinan nan cike yake da rubutu, wane ya ba da gona kaza, a riƙa yi masa addu'a kwana kaza duk shekara, wanda ya taɓa kyautar tsinuwa ta hau kansa. Takarda tana ƙonewa, dutse kuwa sai ka zo da guduma a gaban jama'a.

Ginin da aka fi ɗauka a hoto a Noravank shi ne cocin Surb Astvatsatsin da Burtel Orbeliyan ya sa aka kammala a 1339, bene ne, ƙasa wurin kaburbura sama wurin ibada, matakalar hawa kuma siririya ce manne da bangon waje ba abun dafawa, mai jiri kar ma ya gwada. Har siffar Burtel aka sassaƙa a can sama yana riƙe da ƙaramar coci a hannu yana miƙawa, don kar wani ya manta wa ya biya. Ana danganta aikin da Momik, magini kuma mai sassaƙa kuma mai zane a littattafai, wanda ya gina cocin Areni a 1321. Shi kuma abun tunawa da shi a Noravank ɗan ƙaramin dutse ne mai gicciye, talakawan da suka ɗauko duwatsun kuwa ko suna ba su samu ba, wannan kam yana min ciwo.

Duk da haka ban ga laifinsu ba gaskiya, zamanin ba na wasa ba ne, gidaje da yawa sun watse su kuma sun samo dabarar zama. Kuma in za a tambaye ni aikinsu da ya fi burge ni ba coci ba ne ma, zangon fatake ne da Chesar Orbeliyan ya gina a 1332 a mashigar Selim, sama da mita 2,400 a kan tsauni, da kwamin dabbobi a ciki da ƙofofin haske a rufi. Rubutun ƙofarsa da Farisanci da Armeniyanci aka yi, har da sunan Abu Sa'id sarkin Mongol Musulmi na lokacin, saboda ayarin da ke bin hanyar ba addini ɗaya suke ba kuma Chesar ya san wa ke mulki.