Akira: a bar zancen duba, a dubi hannayen da suka zana shi

A ƙarshen watan Fabrairun 2020, lokacin da cutar korona ta fara ɗaure wa duniya kai, wani hoto ya karaɗe kafafen sada zumunta a Japan. Hoton allo ne daga cikin Akira, fim ɗin katun na Japan na 1988, an rubuta a jikinsa cewa saura kwana 147 a buɗe gasar Olympics ta Tokyo, a ƙasa kuma wani ya yi rubutun bango yana cewa a soke ta. Abin ya zo daidai: a ranar saura kwana 147 a buɗe gasar ta gaske, kuma ba a yi wata guda ba aka ɗage ta zuwa 2021. Tun daga nan, duk wanda zai yi maganar fim ɗin sai ya fara da cewa daraktansa, Katsuhiro Otomo, ya hango gaba.

Ni wannan yabo bai gamshe ni ba, don yana rage wa fim ɗin daraja ne. Otomo baya yake kallo. An haife shi a 1954 a lardin Miyagi, yana ɗan shekara goma Tokyo ta karɓi Olympics ɗin 1964, gasar da Japan ta yi amfani da ita ta nuna wa duniya ta miƙe bayan yaƙi da bama-baman Hiroshima da Nagasaki. Ya tashi yana ganin zanga-zangar ɗalibai ta ƙarshen shekarun 1960 da samarin da ke tayar da unguwa da babura cikin dare. Da ya zo ƙirƙirar birnin Neo-Tokyo na 2019, inda labarin fim ɗin yake faruwa, shekara 31 bayan wata fashewa ta shafe tsohon birnin, sai ya maimaita tarihin ƙasarsa: rushewa, gini cikin gaggawa, sannan babban biki don a rufe ɓarakar. Dacewar shekarar sa'a ce kawai.

Labarin ma, in za a faɗi gaskiya, ba shi ne ƙarfin fim ɗin ba. Otomo ya fara buga Akira a matsayin labarin zane a mujallar Young Magazine ta kamfanin Kodansha a 1982, bai kammala ba sai 1990, ya cika littafi shida, shafi sama da 2,000. Wato fim ɗin ya fito littafin bai ƙare ba. Shi da Izo Hashimoto suka matse abin cikin minti 124, kuma matsin ya nuna. Rabin farko yana tafiya sumul: Kaneda shugaban 'yan babur, abokinsa Tetsuo da ya gaji da zama ɗan rakiya, karon da Tetsuo ya yi da wani yaro mai fuskar tsoho da ya tsere daga hannun soja, da ƙarfin da ya fara tsirowa a kan Tetsuo. Amma daga tsakiya, 'yan tawaye da 'yan siyasa da masu wa'azin ƙarshen duniya sai su riƙa shigowa suna fita ba a gama sanin su ba. Mai kallon farko yakan tashi yana tambayar me ya faru a ƙarshe, kuma ba laifinsa ba ne.

To me ya riƙe fim ɗin shekara talatin da ɗoriya? Aikin hannu. A wancan zamani ana zana kowane motsi a takarda, a kwafe shi a kan leda mai garai-garai, a shafa fenti ta bayanta, a ɗora a kan hoton bango da aka zana daban, a ɗauka da kyamara, a cire a sa na gaba. Akira ya ci irin waɗannan zane sama da 160,000, da launi 327, hamsin daga ciki don shi aka haɗa su, saboda yawancin fim ɗin dare ne kuma fentin da aka saba da shi bai isa ya nuna duhu iri-iri ba. A duba tseren babur na farkon fim. Fitilar baya tana barin jan zare a iska bayan babur ya wuce, benaye sun tokare sama, kowace taga da ɗigon haskenta, kuma mutum ne ya zauna da buroshi ya ɗiga su. Sai wurin da Kaneda ya taka birki jan babur ɗinsa ya zame a kaikaice yana nisa da mai kallo, ƙafa a ƙasa, tartsatsi na tashi. Bai wuce daƙiƙa biyu ko uku ba, amma har yau masu katun da masu fim a Amurka da Turai suna kwaikwayonsa.

Akwai kuma abin da ido ba ya saurin kamawa. Al'adar masana'antar Japan ita ce a gama zane sannan 'yan wasa su ɗora murya, shi ya sa baki yakan buɗe ya rufe kawai. A Akira an fara ɗaukar muryoyin su Mitsuo Iwata da Nozomu Sasaki, sannan aka zana leɓe ya bi kowace gaɓa. Wannan ƙarin wahala ce zalla a kan masu zane. Kiɗan kuwa na ƙungiyar Geinoh Yamashirogumi ne ƙarƙashin Shoji Yamashiro, wadda mambobinta da yawa ba kiɗa ne sana'arsu ba, suka haɗa kayan kiɗan gora na tsibirin Bali da rerawar wasan Noh na gargajiyar Japan. Birnin gobe ne a allo, kunne kuma yana jin tsohon sauti, kuma haɗin ya zauna.

Su wane ne masu hannayen? Takashi Nakamura ne shugaban masu zanen motsi, Koji Morimoto yana taimaka masa. Cikin matasan da suka yi aikin akwai Toshiyuki Inoue da Hiroyuki Okiura, waɗanda daga baya suka zama jiga-jigan sana'ar, da Makiko Futaki wadda ta yi shekaru tana zana wa kamfanin katun na Ghibli, da Yoshiji Kigami, wanda yana cikin mutum 36 da suka rasu lokacin da wani ya cinna wa ginin kamfanin katun na Kyoto Animation wuta a watan Yulin 2019. A wajen masu bin sana'ar sosai, da wuya ka ji an ambaci ɗaya daga cikinsu. Kamar ginin masallaci ne: a san wanda ya ba da kuɗi da wanda ya zana tsari, a manta wanda ya ɗora bulo.

Ba ina cewa a ƙwace wa Otomo rawaninsa ba. Shi ya zana tsarin fitowa-fitowar fim ɗin, shi ya kafe sai an bar masa wuƙa da nama kafin ya yarda a taɓa littafinsa, kuma ba don kafiyarsa ba da an samu katun na yau da kullum. Haka masu kuɗi. Kamfani guda ba zai ɗauki nauyin ba, sai da Kodansha da Bandai da Toho da Hakuhodo da gidan talabijin na Mainichi da wasu suka haɗu a kwamiti ɗaya, kamfanin Tokyo Movie Shinsha ya yi aikin zanen. Sun yi kasada, kuma kasadar ta biya, musamman bayan fim ɗin ya shiga Amurka a ƙarshen 1989 da Ingila a 1991, kaset ɗinsa ya buɗe wa katun ɗin Japan kasuwar manya a can.

Matsalar ita ce wannan tsari na kwamiti shi ya zama ruwan dare a masana'antar, kuma a cikinsa haƙƙin mallaka na masu zuba kuɗi ne. Ɗakin zane yakan karɓi kuɗin kwangila ne ya sallama. Ƙananan masu zane, waɗanda ke cike motsin da ke tsakanin manyan zane, yawancinsu a kan kowace takarda ake biyansu, ba albashin wata ba, shi ya sa da yawa ke ajiye fensir tun kafin hannunsu ya faɗa. A 2024 har kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kasuwanci da haƙƙin ɗan Adam ya yi tsokaci a kan ƙarancin ladan masu zanen Japan da tsawon sa'o'in aikinsu, a daidai lokacin da Netflix da takwarorinsa ke rububin sayen kayansu.

Kamfanin Warner Bros. ya sayi izinin mayar da Akira fim na 'yan wasa a 2002, ya yi ta sauya daraktoci sama da shekara ashirin, a 2025 izinin ya koma hannun Kodansha ba a ɗauki komai ba. Ban yi baƙin ciki ba. Labarin da ba shi ne ƙarfin fim ɗin ba shi kaɗai suka saya. In Kodansha da abokan kwamitinta suna da niyyar sake juya Akira, kuɗin ya fi dacewa da ɗakunan zane na Tokyo, a biya matasa albashin da zai riƙe su shekara goma a kan teburi, don sai an daɗe haka kafin a samu wani Inoue ko Okiura.