Ranar da Aka Yi Alwala da Aikin Fasaha

Wata mai zuwa masu zane na unguwarmu za su sake baje kolin ayyukansu, kuma an sake damƙa mini guduma da tef ɗin awo. Kada ku ɗauka gwaninta ce ta jawo mini wannan matsayi, a cikinmu ni kaɗai ke da tsani. Da yake labarin na bara ya ƙi mutuwa, har yau in na bi ta gaban majalisa sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Malam, ko da buta a kusa?", gara in faɗi yadda aka yi da bakina kafin a ƙara masa gishiri.

Mutum tara ne suka haɗa ayyuka 31. Muka ari wani ɗakin taro a cikin birnin Kano, tsawonsa mita 12, faɗinsa 7, aka ce mana kwana biyu gare mu mu shirya. Watan Disamba ne, hunturu ya kankama, leɓen kowa ya tsage.

Rataye zane yana da lissafi, kuma na san lissafin. Tsakiyar zanen ake dubawa, ba samansa ba, ana so ta zauna daidai idon mutum yana tsaye, wato kamar santimita 145 daga ƙasa. In tsayin zanen santimita 80 ne, ka raba biyu ka sami 40, ka ɗora a kan 145 ya zama 185, nan saman firam zai tsaya. Sai ka juya bayansa, ka ja wayar da za ta hau ƙusa sama da yatsa har ta miƙe sosai, ka auna tazararta da saman firam. In 10 ce, ƙusa za ta shiga a 175. Duk wanda ya auna wayar tana sake, zanen zai sauko ya bar layin 'yan uwansa. Na bi wannan ƙa'ida tiryan-tiryan a bangon gabas, zane takwas, kowanne na auna shi daga ƙasa. Da na ja da baya na duba, sai na ga hotuna suna gangarowa kamar awaki sun nufi rafi.

Ashe daɓen ne ba daidai ba. Wanda ya yi shi ya karkatar da shi wajen ƙofa don ruwan wanki ya riƙa fita, daga wannan kusurwa zuwa waccan akwai bambancin santimita 9. Wani birkila da ke aiki a gidan maƙwabta ya leƙo, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya aro mini siririn tiyon nan mai haske da suke awo da shi. A cika shi da ruwa, a fitar da kumfar iska, mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a kan alamar farko, ɗaya ya zagaya da ɗaya bakin. Inda ruwa ya tsaya, nan ne daidai, ko daɓe ya so ko ya ƙi. Muka yi alama a kusurwa huɗu, muka ja zare, na cire ƙusa takwas na bar rami takwas.

Bangon ma da nasa halin. Bulo ne da filasta mai yashi da yawa. Ƙusar katako in ka buga ta lanƙwashewa take yi ta kalle ka. Ƙusar kankare tana shiga, amma takan ɓanɓaro filasta mai faɗin tafin hannu ta zubo maka a ka. Abin da ya kamata shi ne injin huda bango da baki mai milimita 6, a cusa 'yar robar nan a ramin, a ɗaura ƙusa mai murɗi. Kowane zane da ya wuce faɗin mita ɗaya ƙusa biyu yake so, in ba haka ba duk wanda ya gifta sai ya karkace. Injin muna da shi, wuta ce babu, sai da muka jira har bayan isha'i.

Wata Hajiya a cikinmu ta kawo turkuɗi irin na Kura, baƙin yadin nan mai sheƙi da Buzaye ke naɗawa, wanda ake buga wa shuni har ya riƙa walƙiya. Ta yi masa aikin zare. Wannan yadi ko a fatar mutum zuba yake yi, balle a farin bango. Sai an zura shi a sanda, an nisanta shi da bango kamar santimita 5. Na gane haka ne bayan na jingina shi na minti goma, na ɗaga na tarar da taswirar wata ƙasa da ba a gano ba tukuna. Wani yaro kuma ya kawo zanen fentin mai wanda ya gama kwana uku kacal da suka wuce, ya naɗe shi da jarida ya sako shi a adaidaita sahu. Fentin mai sama-sama ma yakan ɗauki kwanaki kafin ya bushe, in ya yi kauri sai a yi watanni. Da muka ɓare jaridar, fuskar kakarsa na ɗauke da labarin wasan ƙwallo a juye. Muka rataye ta a lungu mai duhu.

To, sai mai butoci. Wannan bawan Allah a Zariya ya yi karatun zane, kuma ba ya magana minti biyar bai ambaci ƙungiyar ɗaliban nan ta 1958 ba, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka ce ba za su yi ta kwaikwayon Turawa kawai ba, sai sun haɗa da abin da suka tashi suka gani a gida. Shi abin da ya gani a gida buta ce. Ya sayo butocin roba 41, ya jera su a ƙasa a zagaye kamar gammo, daga kore mai duhu a waje har zuwa fara guda ɗaya a tsakiya, bakin kowacce na kallon ta gabanta. Ya ce aikin yana magana ne a kan ƙarancin ruwa a birni. Da na ce masa, "Malam, ai waɗannan butoci ne," sai ya zaro naira ashirin ya juya bayanta ya nuna mini Ladi Kwali, ya ce ita ma da tukunyar ruwa duniya ta san ta. Na rasa amsa. Awa huɗu ya yi yana jeri, yana tsugunawa yana kanne ido ɗaya.

Wurin da ya zaɓa dab da ƙofa ne, don shi ne abin da baƙo zai fara gani. Can ne kuma iskar hunturu ke shigowa. Butar roba in babu komai a cikinta ba ta da nauyin kirki, da safiyar ranar buɗewa na zo na tarar guda shida sun kwanta, biyu sun yi hijira ƙarƙashin teburin zoɓo. Mai aikin bai iso ba. Ni kuma, da hikimata, na ce abin da suke bukata nauyi ne. Mai hankali yashi zai zuba, kofi biyu a kowacce ya isa. Ni na kira mai ruwa, na sayi jarka huɗu, na cika su ɗaya bayan ɗaya har wuya, na mayar da kowacce gurbinta. Iska ta kaɗa, ko motsi ba su yi ba. Na tsaya ina yaba wa kaina.

Akwai kuma 'yan katunan da ake liƙawa gefen kowane aiki, masu ɗauke da sunan mai shi da sunan aikin da farashi. Na liƙa su da salatif mai gam gaba da baya. Bangon farar ƙasa aka shafa masa, ga ƙurar hunturu ta hau, don haka gam ɗin garin ya kama, bai kama bango ba. Ya kamata a goge wurin da ɗanyen tsumma, a bari ya bushe, ko kuma a kafe katin da ƙaramar ƙusa. Kafin azahar katuna sun fara saukowa ɗaya-ɗaya kamar ganyen darbejiya. Na butoci shi ya fara faɗuwa, Baba maigadi ya share shi tare da ƙura. Igiyar da aka ce in kewaye aikin da ita kuwa tana cikin jakata, na ce sai an jima.

A katin gayyata ƙarfe biyu aka rubuta. Babban baƙo ya iso huɗu saura. Kafin nan an ɗauke wuta, muka tayar da ƙaramin janareto wanda ƙarfinsa bai kai wat dubu ɗaya ba. Lissafina ya fita: ƙwai 12 masu wat 7 kowanne, jimla 84, ga lasifika ɗaya, da sauran wuri. Na ma karkata fitilun yadda haske zai sauko a gicciye, ba kai tsaye ba, don kada gilashin firam ya zama madubi mutum ya zo kallon zane ya ga hancinsa. Abin da ban saka a lissafi ba shi ne mai kawo abinci za ta jona hitar dafa shayi, mai jan wat wajen dubu biyu ita kaɗai. Janareto ya yi tari sau biyu ya yi shiru, daidai lokacin da babban baƙo ya ce, "Jama'a, assalamu alaikum."

Na ruga bayan ɗaki. Ina can ina jan igiya, ina goge fulogi, hannuna duk baƙin mai, sai na ji an kira la'asar a masallacin da ke jikin ginin. Na ji hayaniyar mutane suna fitowa, ban kawo komai a raina ba. Injin ya tashi. Na miƙe ina neman abin da zan wanke hannu, sai ga wani yaro mai ladabi ya rusuna ya miƙo mini buta cike da ruwa, ya ce, "Baba, ga shi." Na sa masa albarka. Na tsuguna na yi alwala a natse, har ina cewa a zuciyata masallacin nan suna da tsari, butarsu sabuwa fil. Sai da na zo wanke ƙafar hagu na lura da launinta. Fara ce.

Na ɗaga kai. A bakin kwata mutum wajen talatin ne a tsugune a jere, malaman makaranta, 'yan jarida biyu, 'yan rakiyar babban baƙo, kowa da butarsa, daga kore mai duhu har zuwa mai haske. Wallahi ko mai aikin bai jera su da kyau haka ba. Shi kuwa yana tsaye a bakin ƙofa, hularsa a hannu, bakinsa a buɗe. A inda aikin awa huɗu yake, babu komai sai zagayen ɗigon ruwa a kan siminti.

Laifin wa za a gani? Mutum ya ji kiran salla, ya juyo, ya tarar da buta arba'in da ɗaya cike da ruwa a bakin ƙofa, ba kati, ba igiya. Ko ni ne abin da zan yi ke nan, kuma na yi.

Ba a magana a sahu, wannan ne ya cece ni na ɗan lokaci. Muka tsaya kafaɗa da kafaɗa da mai butoci, ina jin numfashinsa. Da aka sallame ya juyo a hankali ya ce, "Malam, wa ya zuba musu ruwa?" Na ce, "Malam, iska ce." Ya ce, "Iska ce ta zuba ruwa?" Na ce a bari mu yi addu'a tukuna.

Aka dawo da butoci, kowa ya ajiye inda hannunsa ya kai. Muka ƙirga, 39. Daga ciki 38 ne namu, ɗaya tsohuwar butar ƙarfe ce ta masallaci mai lotsattsen gindi, ta biyo ayari. Uku sun tafi ke nan, ban da labarinsu har yau. Babban baƙo ya koma kan lasifika ya ci gaba da jawabi, ya yaba wa zane-zane a taƙaice, sannan ya gyara babbar riga ya ce shi fa shekara da shekaru yana halartar taruka, bai taɓa zuwa inda aka girmama salla aka tanadar wa baƙi buta wadatacciya kamar nan ba, Allah ya yi wa wanda ya yi wannan tunani albarka. Aka ce amin da ƙarfi. Baba maigadi ya nuna ni da yatsa. Aka tafa mini.

Mai butoci ya tsuguna zai sake jeri, sai wata malama da ta zo daga jami'a ta ce ya dakata. Ta zagaya su sau biyu, ta ɗauki hoto, ta ce wannan butar ƙarfe da ke tsakiyar na roba ita ce ta fi taɓa mata zuciya, ta tambaye shi yadda aka yi tunanin ya zo masa. Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya dube ni, ya dubi butar, ya ce ai ya daɗe yana nazarin abin. Kafin magariba ladan ya aiko a karɓo masa butarsa, sai da muka ba shi sababbi biyu a madadinta.

Na bana na riga na rubuta abin da zan tanada: tiyon awo, ƙananan ƙusoshi na katuna, buhun yashi, dandamalin katako mai tsayin santimita 15 na duk aikin da za a ajiye a ƙasa, igiya a ɗaure tun daren jajibiri, soket ɗin hita a naɗe da salatif, da buta goma na gaskiya a waje nesa da ƙofa. Shekaranjiya na kira mai butoci in ji girman aikinsa na bana don kafinta ya yanka katako. Ya ce ya bar harkar buta. Takalma ne wannan karon, silifa ƙafa sittin, kuma a bakin ƙofa yake so a jera su.